Goman Baba Ezekiya

Litinin, 7 ga Yuli, bayan La'asar

An dakatar da binciken yau. Dakta Selina, wadda ke jagorantarsa, ta taso tun daga Yola don ta faɗa mana da bakinta. Ta ce ba wata mace da za a sake yi wa allurar sai kwamiti ya zauna ranar ashirin da takwas ga wata. Sannan ta roƙi Baba Ezekiya ya ɗan huta a gida kafin ranar. Roƙo dai ta kira shi. Ya ce to, ya cire hularsa ta tiyata, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu.

Bari in rubuta abin tun daga farko, ko zan gane shi in na gan shi a takarda. Wata huɗu ke nan asibitinmu yana cikin binciken. Idan aka yi wa mace tiyatar haihuwa, allurar bayan da ake kashe mata ƙasan jiki da ita takan sake ta bayan awa biyu ko uku, daga nan sai zafin yanka ya taso. Abin da ake gwadawa shi ne a ƙara mata wata allura a bangon ciki, dama da hagu, ana kallon bakin allurar a na'urar sikanin, don maganin ya kwanta daidai kan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. In ta kama, mace za ta wuni ta kwana ba ta nemi allurar nan mai ƙarfi da ke sa jiri da barci ba. Mutum biyu ke yin ta, kowa da ranarsa: Baba Ezekiya, nas mai ba da maganin tiyata, shekararsa talatin da ɗaya a aikin, da Dakta Mansir da aka turo mana bara.

Ni nawa aikin tambaya ne. Ina bi gado gado da fom, mace ta faɗi lambar zafinta daga sifili zuwa goma, in rubuta. Da rana ni, da dare Sista Susanna. Wadda ta ce bakwai ko sama da haka, ƙa'ida ta ce a yi mata allura mai ƙarfin.

Ranar Alhamis da ta wuce wata Sumayyat daga Kwaja, 'yar ƙaramar mace, haihuwar fari, ta ce goma da azahar, aka yi mata allurar. Ta sake cewa goma da la'asar, aka ƙara mata. Barci ya yi mata nauyi har numfashinta ya ja baya, sai da aka sa mata iskar oksijin, jaririn kuma bai sha nono ba sai washegari. Ta farfaɗo, alhamdu lillahi. Amma da aka tura rahoto Yola suka buɗe lissafi, sai suka ga matan da Baba Ezekiya ya yi wa allura su ne ke ta cewa tara da goma, na Dakta Mansir kuwa biyu, uku, biyar. Idan kwamiti ya ce hannunsa ne, takarda za ta tafi hukumar da ke ba nas lasisi. Saura masa wata goma sha huɗu ya yi ritaya.

Abin ya ɗaure mini kai fiye da yadda ya ba ni tausayi, Allah ya yafe mini. Tun ina ƙarama yayata Adda take kirana Asta Me-ya-sa, kuma har yau ban warke ba.

Talata, 8 ga Yuli, da safe

Kofin shayin Baba Ezekiya yana nan a kan kanta. An ba ni fom ɗin mata sittin da biyu in jera wa kwamiti.

Alhamis, 10 ga Yuli, lokacin hutun rana

Na tare Dakta Mansir a bakin ɗakin tiyata na tambaye shi yadda allura irin wannan take ƙin kamawa. Mutumin ba shi da mugunta, magana ce dai kamar ana sayar masa da ita. Ya zana mini a bayan wata takarda: naman bangon ciki hawa uku ne, kamar zane uku da aka shimfiɗa ɗaya kan ɗaya, maganin kuma tsakanin na biyu da na uku ake so ya shiga. In bakin allura ya kauce da kaurin ƙwayar gero, magani ya zube inda ba jijiya, an yi asararsa. Na ce ai na sha tsayawa bayan Baba ina kallon na'urar, kuma kowane lokaci ina ganin naman yana buɗewa, baƙar inuwar maganin tana shimfiɗuwa yadda aka nuna mana a horo. Ya ɗaga kafaɗa ya ce lamba ba ta ƙarya, kuma hannu yana tsufa ko mai shi bai sani ba.

Na koma ina tuna fuskokin matan. Gaskiya da yawansu da suka ce goma suna zaune ne suna shayarwa, wata ma tana dariya. Na lura da haka tun a lokacin. Amma ranar horo Dakta Selina ta nanata mana sau uku cewa mu yarda da lambar da mace ta faɗa, kada mu yi hukunci da fuska. Kuma ni na san matanmu. Mahaifiyata ta haifi autanmu a bayan ɗaki, surukarta tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ji ko nishi ba. Munyal ake ce masa a gidanmu, haƙurin da ba a barin fuska ta tona shi. Saboda haka duk wadda ta ce mini goma tana murmushi, sai in ce a raina, sannu jaruma, in rubuta.

Asabar, 12 ga Yuli, da yamma

Na je gaishe da Baba Ezekiya. Na same shi a bayan gida, tsakanin masararsa, ya cika kofi da ruwa har baki, ya miƙe hannu yana riƙe da shi yana kallon agogo. Matarsa ta ce tun Talata abin da yake yi ke nan, safe da yamma. Ya nuna mini, minti uku ko ɗigo bai zuba ba. Ya yi dariya ya ce wataƙila hannun yana jin tsoron matar gida ne, a tiyata yake yin abin da ya ga dama.

Mun zauna a kan benci aka kawo dafaffiyar gyaɗa. Ban taɓa ganinsa ba uniform ba, sai na ga ashe ƙaramin mutum ne. Shi ne fa wanda yake tsayawa a kan mace tana kwance ido biyu ana yanka ta bayan labule, ya yi mata Fulatanci in Bafulatana ce, ya yi Kamwe in daga tsaunukan Michika ta zo, ya tambaye ta me aka shuka bana, har sai ta ji kukan jariri. Shi ke fara gaya mata namiji ne ko mace.

Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa ya ce, "Sista Asta, lasisi ba ya dame ni sosai. Abin da yana hana ni barci, matan nan suna cikin wuta, ni ina wucewa ina ce musu jam na, wato lafiya, suna ce mini jam. Shekara talatin ina zaton na iya karanta mutum."

Na ce Allah ya bayyana gaskiya. Ya ce amin.

Litinin, 14 ga Yuli, bayan Azahar

Yau na ga wani abu. An ce in jera fom ɗin bisa sunan mai allura, na jera. Da na gama sai hannuna ya yi mini ƙaiƙayi, na sake rarraba na Baba gida biyu, lambar rana daban, ta dare daban. Mata talatin da uku ya yi wa. Da rana ashirin da huɗu sun ce tara ko goma. Da dare kuwa, matan nan dai, ɗaya, biyu, uku. Har waɗanda suka ƙi karɓar allura mai ƙarfin don tsoron jiri, su ma da dare biyu suka ce.

Wane irin magani ne wannan da ke barci da rana ya tashi aiki da dare, kamar maigadi? Na zauna na rubuta abin da zai iya jawo haka. Zafin rana, don ɗakin masu jego kwano ne ba silin a rabinsa. Ko 'yan dubiya, don da rana ake ɗaga mace a zaunar da ita ta gaisa da dangin miji. Ko kuma maganin nasa jinkirin kamawa yake yi. Na ji daɗi ƙwarai, har na yi ta sauri in koma gida in gaya wa Adda. Ita kuwa tana tsintar shinkafa ta ce, to Me-ya-sa, ai ruwa ba ya tsami banza, amma ki fara cin abinci.

Laraba, 16 ga Yuli, da hantsi

Ba zafin rana ba ne. Na duba ranakun da aka wuni ana ruwa har mayo, kogin garinmu, ya cika, su ma goma ne.

Juma'a, 18 ga Yuli, bayan an sauko masallaci

Ba 'yan dubiya ba ne. Akwai wata da aka kawo daga Sahuda ba kowa tare da ita sai ƙanwarta, ita ma goma.

Na yi wa na Dakta Mansir irin rabon da na yi wa na Baba, sai ga abin a juye. Nasa da rana ƙasa suke, da dare su hau. Goma sha ɗaya daga cikinsu sun ce uku ko ƙasa da haka da rana, da dare suka ce takwas, tara. Na jira Sista Susanna da ta zo karɓar jadawali na tambaye ta. Ta ce ai ta daɗe tana cewa allurar Dakta ba ta kai dare, tana karɓar aiki take tarar da wasu sun jiƙe da gumi sun damƙe ƙarfen gado, amma da yake lambar rana tana da kyau, sai aka ce maganin ne ke saurin ƙarewa. Na tambaye ta yadda take yin tambayar. Ta dube ni kamar na tambaye ta yadda ake shan ruwa, ta ce karantawa take yi daga fom, me kuma za ta yi.

Magani ɗaya, kwalba ɗaya, na'ura ɗaya. A hannun wannan ya yi aikin dare, a hannun wancan ya yi aikin rana. Ko a tatsuniya ban ji irinsa ba.

Lahadi, 20 ga Yuli, da safe

Lambobin dare da baƙin biro aka rubuta su. Na rana da shuɗi, birona.

Lahadi, bayan La'asar

Na wanke kayan da ba su yi datti ba. Adda ta tambaye ni ko lafiya, na ce da sauƙi.

Talata, 22 ga Yuli, bayan Azahar

Sumayyat ta dawo a duba mata ɗinki. Ta yi kyau, yaron ya yi ɓul-ɓul. Ta zo da kaza a ɗaure da ƙullin gyaɗa, tana ta leƙen ƙofar tiyata, ta ce na Baba ne. Na ce ba ya nan, yana hutu. Ta tambaya ko an ƙara masa girman ne. Na ce wane girma?

Sai ta ba ni labari, tana gyara goyo, hankalinta kwance. Wai ranar da aka fito da ita, matar da ke gadon kusa da ita ta raɗa mata cewa akwai sista mai takarda da za ta zo, gasa ake yi tsakanin tsohon da yaron likitan, wanda ya fi samun maki shi za a ƙara wa girma. Ita ma matar wadda ta riga ta kwanciya a gadon ce ta gaya mata. Ashe wata huɗu maganar nan tana bin gadaje, mai fita ta bar wa mai shiga, mu muna wucewa da farin takalmi ba mu sani ba.

Na ce, amma ai zafi na tambaye ki.

Ta ce, "A'a Sista, kin ce nawa zan ba aikin. Aikin Baba kam goma ne. Ko zafi ban ji ba. Da akwai sha ɗaya da na ba shi."

Ta ce ta yi mamaki da aka zo da allura bayan ta ce goma, amma ta ɗauka ta ƙarin jini ce, kuma ba a yi wa asibiti musu. Na karɓi kazar na ce zan kai masa. Tana nan ɗaure a gindin mangwaron bayan ofis tana kallona.

Laraba, 23 ga Yuli, da asuba bayan salla

Ga abin da ke rubuce a fom, na haddace shi tun watan Maris: "Idan sifili yana nufin babu zafi ko kaɗan, goma kuma zafin da ya fi kowane tsanani, nawa ne zafin da kike ji yanzu?"

Satin farko haka nake karanta shi. Amsa ɗaya nake samu, da sauƙi. In sake karantawa, da sauƙi, alhamdu lillahi. Wata ta juya fuska bango don surukarta tana zaune. Wata Hausar tata ta kasuwa ce, kafin in kai ƙarshen jimlar ta manta farkonta. Fom ɗina suka cika da gurabe, aka yi mini magana daga Yola. Sai na ce bari in sauƙaƙa. Na lura kalmar zafi ce ke rufe musu baki, don amsa ta kamar kai ƙara ne, sai na cire ta. Na koma cewa, "Yaya aikin? Daga sifili zuwa goma, nawa za ki ba shi?" Ni wurin aikin nake nufi, inda aka yanka, kamar yadda muke cewa an yi mata aiki, aikin yana ciwo, aikin ya warke. Nan take lambobi suka fara zubowa. Har na yi wa Susanna gori na ce ni fom ɗina ba ya dawowa da rami.

Kalma ɗaya. Aiki. Ina ta juya ta tun jiya, kuma abin kunya, wani ɓangare na zuciyata sha'awar abin yake yi, yadda kalma za ta fita bakina da ma'ana ɗaya ta shiga kunne da wata, wurin mata kusan sittin, ba wanda ya yi tuntuɓe. Malaman makaranta biyu da matar wani ɗan sanda ne kawai suka karɓi fom ɗin suka karanta da kansu, kuma lambobinsu na rana da na dare sun yi daidai.

A shafin farko, wurin labarin Sumayyat, na rubuta "aka yi mata allurar". Ni na yi mata, duka biyun.

Alhamis, 24 ga Yuli, da yamma

Ban gaya wa kowa ba. Kazar tana gidanmu, Adda tana ba ta dusa.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma na san ta. In je gaban kwamiti in ce na gano matan ba su fahimci tambayar ba, jita-jita ta shiga ɗaki, Hausarsu ba ta nuna ba. Duk gaskiya ne. Baba zai fita, ni kuma a yaba mini da bin diddigi. Ba wanda ya taɓa tsayawa kusa da ni ina tambaya. Sai dai Dakta Selina ba yarinya ba ce, za ta ce to me ya sa suka fahimci Susanna, kuma in ta ga amsar ba ta zauna ba, za ta iya ajiye maganar gaba ɗaya ta koma kan lissafinta, lissafin kuma sunan Baba ne a kansa.

Na ba Adda labarin kamar na wata sista ne a wani asibiti. Ta saurara har ƙarshe tana yankan kuɓewa, sannan ta ce ita ba ta yi boko ba, amma waɗanda suka ce goma ai an ji labarinsu, waɗanda suka ce biyu fa, wa ya je ya tambaye su? Ta ƙara da cewa in gaya wa wannan sistar ta daina wanke kayan da ba su yi datti ba, sabulu ya yi tsada.

Asabar, 26 ga Yuli, bayan Magariba

Na je Vimtim. Na zaɓi fom mai lamba mafi ƙanƙanta, Liyatu, haihuwa ta huɗu, Dakta Mansir ya yi mata allura a watan Mayu. Da rana biyu, da shuɗin biro. Da dare tara. Mai babur ya sauke ni a bakin gona don hanya ta yi laka, na ƙarasa a ƙafa. Na same ta tana cirar ciyawa a cikin gyaɗa, jaririyar tana kwance a inuwa kan zane. Ta gane ni tun daga nesa, ta ce sista mai takarda.

Ta shimfiɗa mini buhu, ta aika aka kawo ruwa. Muka gaisa, na tambayi yara, ta tambayi mutanen asibiti. Na daɗe ina kewaye kafin na ce ina so ta tuna mini ranar, yadda jikinta ya kasance daga fitowa tiyata zuwa dare. Ta ce da sauƙi. Wannan karon ban ce komai ba, na yi shiru ina kallon jaririyar. Shirun ya yi tsawo har na ji kunya. Can sai ta fara.

Ta ce tun kafin azahar ƙafafunta suka dawo, zafin ya zo tare da su. Ta haihu uku a gida, ba ta taɓa jin irinsa ba, kamar an bar wuƙar a ciki. Ba ta iya tari, ba ta iya juyawa, da aka miƙo mata jaririyar ta kasa ɗaga hannu, sai ta ce a ba ƙanwar mijinta tukuna. Tana ta kallon ƙofa tana jiran wani mai farin kaya ya shigo. Sai ga ni.

"Da kin zo na ji daɗi, na ce ga taimako. Kin ce nawa zan ba aikin. Na so in ce sifili, amma na ji kunya, yaron likita ya yi ƙoƙari, ya ciro mini 'ya da rai. Sai na ce biyu, don ki gane aikin bai yi ba. Kin yi murmushi kin ce madalla. Kin rubuta, kin wuce gado na gaba."

Ba da faɗa ta faɗe shi ba. Ta ce ta ɗauka haka tsarin yake, sai dare ake ba da magani. Na tuna ranar. Na tuna har na ce a raina, kai, allurar Dakta tana aiki.

Na gaya mata abin da lambar take nufi, da abin da na cire daga tambayar, da cewa da ta ce tara a lokacin, cikin minti goma za a kashe mata zafin. Ta karkaɗe ƙasa daga saiwar ciyawa. Sannan ta ce awa nawa ke nan, na ce wajen tara. Ta ce to. Na nemi gafararta, ta ce ya wuce, Allah ya yafe mana duka. Ta cika mini leda da ɗanyar kuɓewa, na ƙi karɓa, ta ce in ban karɓa ba to ban yarda ya wuce ba.

Na yi kuka a kan babur, mai babur ya ɗauka iska ce.

Litinin, 28 ga Yuli, bayan La'asar

Na faɗa. Su biyar ne a teburi. Na jera fom ɗin gida biyu, shuɗi da baƙi, na karanta tambayar yadda take a rubuce, sannan na faɗe ta yadda nake faɗarta. Wani dattijon likita Bahaushe da ke gefe ya rufe ido tun kafin in kai ƙarshe, ya gane. Dakta Selina ta sa na maimaita jimlar sau uku tana rubutawa. Ta yi fushi, na ga haka a wuyanta, amma ta kasa ɓoye cewa abin ya ba ta sha'awa, har ta tambaya ko a Fulatanci ma kalmar tana da fuska biyu. Sai aka zo kan mata goma sha ɗayan nan na Dakta Mansir. Ya nemi a ba shi lambobinsu na dare, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce yana roƙon a bar shi ya tsaya bayan Baba na wata guda ya ga yadda yake riƙe allura.

Sauran abin da aka faɗa a ɗakin ba zan rubuta ba. An zubar da lambobin rana gaba ɗaya, aikin wata huɗu. An karɓi fom daga hannuna. Takardar hukuncina tana zuwa, ba a ce ga ranar ba.

Laraba, 30 ga Yuli, da hantsi

Baba ya dawo aiki. Na kai masa kazarsa har ƙofar tiyata, ta yi ƙiba a hannun Adda. Na fara ba shi haƙurin sati ukun da ya yi yana riƙe kofi, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce shi abu ɗaya yake so, in akwai hali a ba shi kwafin fom ashirin da huɗun nan ya kai wa matarsa, don shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa ba shi maki, ita kuwa ko biyar ba ta taɓa ba shi ba. Muka yi dariya. Da dariyar ta lafa ya ce mini matan da suka sha allurar da ba su buƙata ba, da waɗanda ba su samu ba, ba nasa ba ne da zai yafe. Na ce na sani.

Alhamis, 31 ga Yuli, da safe kafin fita

Kafin in miƙa fom ɗin na kwafe sunaye da unguwannin mata goma sha ɗayan nan a bayan littafin nan. Biyu a Sahuda, ɗaya a Kwaja, ɗaya a Vimtim, ɗaya can wajen Michika, sauran cikin gari. Ban san me zan kai musu ba. Adda ta ce in kai kunnena, in bar bakin a gida.

Na ja layi a kan sunan Liyatu. Saura goma.